Saiwa a Gidan Aro

Daga Allah muke, gare Shi kuma ake komawa, kowa da ranarsa. Ranar maigidana ta zo wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan shinkafa a fadamar Gummi. Ya sha kununsa, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida inda zai riƙa ganin tsuntsaye suna shan ruwa. Na shimfiɗa, ya jingina da bango. Na shiga ɗaki ɗauko masa mayafi. Kafin in fito, Mai abu Ya karɓi abinSa.

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla. Ɗiyata ta tsakiya ce ke rubutawa ina faɗa. Na ga yadda ake mance mutum: a yi uku, a yi bakwai, a yi arba'in, a naɗe tabarmi, shi ke nan sai suna. Ina son jikokinsa da ba su yi wayo ba su san wane irin mutum aka fitar daga gidan nan.

Da aka dawo daga maƙabarta gida ya cika. Ina zaune a ƙuryar ɗaki, ana shiga ana fita, ana ya haƙuri, ina amsawa ban san abin da nake cewa ba. Amma akwai waɗanda suka tsaya mini a rai. Wata Bafillatana mai kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta a ƙofa, ta shigo ta riƙe hannuna. Can sai ta nuna mini wani tsohon tabon ƙuna a damtsenta. Zumar maigidana ce ta warkar da shi tun tana budurwa, can ƙauye. Ta nuna, ta rufe, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Babbar jikarsa, wadda ke kiransa angona yana kiranta raguwa, ta zo da tsohon ciki, ta zauna kusa da ni ta ce, "Inna, tsohon ga naki ya yaudare ni. Cewa ya yi in na haihu shi za ya lasa ma ɗan zuma da hannunshi. Ga ni wata takwas, ya gudu." Tana faɗa tana dariya, hawaye na sauka a kan zaninta.

Sai matar maƙwabcinmu mai gonar shinkafa ta shigo da kwano cike da tsaki. Ta ajiye ta ce, "Maigida ya ce a kawo. Ya ce ba na mutane ba na, na ɓarayin na." Waɗanda ke ɗakin suka dubi juna, ni kaɗai na gane. Shekara da shekaru mijinta na leƙo katanga yana cewa, "Baba mai zuma, kai ka kiwon ɓarayin shinkafata. Su ci gonata da sahe, su zo gidanka su sha ruwa." Tsoho kuma ya ce, "To ka ga ni ruwa kaɗai nika ba su, kai mai gida na, kai ka ciyarwa." Ba su taɓa shiryawa kan maganar ba. Ranar da ya rasu, shi ne ya aiko wa tsuntsaye abinci.

Wannan kwano shi ya tashe ni. Na leƙa tsakar gida, na ga kaskon ruwan tsuntsaye ya bushe ƙayau, babu wanda ya tuna. Kurciyoyi biyu na kan katanga, 'yan jajayen tsuntsayen nan da ake kira baiwar Allah suna sauka bakin kaskon suna tashi. Tun da aka ajiye kaskon nan bai taɓa wuni babu ruwa ba. Na ratsa mata na ɗebo ruwa na zuba. Nan ne kukan ya zo mini, ba lokacin da aka fita da shi ba.

To, bari in koma baya.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Bukkuyum, gaba da Nasarawa Burkullu. A ƙofar gidansu akwai tsamiya, kakansa ya dasa ta. A gindinta aka yi masa aski ranar suna, a gindinta aka sauke ni ina amarya, a gindinta aka yi wa uwarsa da ubansa salla. Noma yake yi kamar kowa, gero da dawa da wake, amma abin da aka san shi da shi zuma.

Da kansa yake saƙa amya da ciyawar gamba, ya shafe ta da kashin shanu, ya shanya, ya turara ta da wasu saiwoyi masu ƙanshi da bai taɓa gaya wa kowa sunansu ba, sannan ya hau ya ɗaure a reshe. Mutane na rataye amya goma biyu su kama. Shi in ya rataye, kafin kasuwa ta zagayo ka ji amya ta ɗauki gunji. Masu ɗibar zuma na wancan lokaci da wuta suke hawa, su babbake ƙudan, su kwashe saƙar duka. Shi hayaƙi kaɗai yake sa musu, kaɗan kaɗan, ya yanki rabi ya bar rabi. Yakan ce, "Wanda ya kwashe duka ba mai zuma ba na, ɓarawo na." In an harbe shi, ya zare ƙarin ya duba, ya ce, "Allah sarki, ta kashe kanta a banza." Tausayin ƙudan yake ji, ba zafin jikinsa ba. Duk macen da ta haihu a ƙauyenmu, kafin kwana uku ɗan ƙoƙon zuma ya iso ɗakinta.

Yana da tantabaru a tukwane jere a kan katanga. Yana da mussa, wato kyanwa, baƙa mai farar ƙafa, wadda sai ya fara ba ta nata ta ƙoshi sannan ya watsa wa tsuntsaye tsaba. Na ce da shi wannan wahala ce, ka kore ta mana. Ya ce, "Yunwa ka sa ɓarna. Wa kinka taɓa gani ya ƙoshi ya yi tsalle?" Mussar kuwa sai ta kwanta a rana, kurciya na kiwo a gaban hancinta.

Ba waliyyi ba ne, kar a ce na ce. Mutum ne mai taurin kai. In ya ce eh, ko ruwa ya ci gari eh ɗin ce. Kuma tun da aka kai ni gidansa ban taɓa jin ya ce da ni, kin yi gaskiya ba. In ya ga ni ce da gaskiya sai ya yi tari, ya tashi ya tafi duba amya.

Ana nan, ana nan, daji ya ɓaci. Ba zan faɗi abin da muka gani ba, wanda ya sani ya sani. Gona ta gagara zuwa, kasuwa ta gagara ci. Wata safiya gari ya watse. Kowa na ɗaure abin da zai iya ɗauka, wannan akuya, wannan buhun gero. Na ɗaure tukwane da 'yan tufafi da dutsen niƙan da uwata ta ba ni. Na duba ban ga maigida ba. Can na hango shi durƙushe a gindin tsamiya yana tono da wuƙa. Wani ɗan tsiro ne da ya fito daga ƙwallon da ya faɗo, bai fi taƙi ɗaya ba. Ya cire shi da ƙasarsa, ya naɗe a tsumma, ya jiƙa da ruwan butarsa.

Na ce, "Mutane na ɗaukar abinci, kai hakin ga za mu ci?"

Ya ce, "Ɗauki naki, in ɗauki nawa."

Ya ɗaga kai ya dubi amyoyinsa a sama, ya daɗe yana kallo. Ya kama tantabaru shida ya sa a kwando, muka bi hanya.

A Gummi akwai wani malami mai makarantar allo, wanda maigidana ke aika wa zuma duk shekara domin masu shan rubutu. Shi ya sauke mu. Ya buɗe mana wani sashe a bayan gidansa, ɗaki biyu da tsakar gida da itacen dogon yaro guda, ya ce mu zauna har Allah Ya kawo sauƙi. Aro ne, ya faɗa mun ji, mun gode.

Tantabarun nan, maigida ya tsare su a ɗaki har kwana arba'in don su saba. Ranar da ya buɗe musu, suka hau kan soro, suka zaga gidan sau biyu, suka miƙe gabas. Ya tsaya da ƙwaryar tsaba a hannu har azahar. Ba su dawo ba. Da na kai masa abinci ya ce, "Sun hi mu sanin gida." Tun daga ranar bai ƙara kiwon tantabara ba. Sai ya koma ga tsuntsayen Allah waɗanda ba a ɗaure su. Ya samu kasko ya riƙa zuba ruwa. Amya kuwa ba ta yiwuwa cikin gari, ga yaran makaranta. Amma da bazara, in ƙudan zuma suka zo neman ruwa, yakan jera 'yan karare a kan kaskon don su samu wurin sauka kar su nutse. Ya zauna yana kallonsu ya ce, "Wagga daga fadama take. Dubi ƙafarta."

Yanzu ga maganar tsamiya, wadda ita ce ta sa na ce a ɗauko takarda.

Yaran yanzu ba su san wannan ba, bari in faɗa. A wurinmu, in an ba ka aron ƙasa, ka shuka gero, ka shuka wake, ka shuka duk abin da za a girbe a share. Amma ba ka dasa itace. Itace ya fi mai dasa shi daɗewa. Wanda ya dasa itace a ƙasar wani, kamar ya ce ne nan nawa ne da na 'ya'yana. An sha ɓata zumunci a kan haka. Maigidana kuwa ya riƙe wannan kamar farilla.

Saboda haka ɗan tsiron nan bai taɓa ƙasar Gummi ba. Ya samu tsohuwar kwatarniya, ya huda gindinta don ruwa ya riƙa fita, ya dasa shi ciki. Don kar saiwa ta bi hudar ta kama ƙasa, ya ɗauke dutsen niƙana ya ɗora kwatarniyar a kai. Na yi magana, ya ce ai ga injin niƙa a bakin titi. Kowace Juma'a da safe sai ya rungumi kwatarniyar ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashi, in ya ga farar saiwa ta leƙo ya datse da aska. Da faɗuwar ruwan farko kuma sai ya kwantar da ita, ya zaro itacen gaba ɗaya, ya karkaɗe ƙasar, ya rage saiwoyin kamar wanzami na yi wa yaro aski, ya sake sabuwar ƙasa da takin awaki, ya mayar. Ya datse kan, ya lanƙwasa wani reshe da zare ya ja shi gefe.

Kwanci tashi, damina bakwai. Itacen bai wuce ƙuguna ba, amma gindinsa ya yi kauri, ɓawonsa ya tsattsage irin na tsofaffin itatuwa. Wata rana na tsaya na dube shi da kyau, sai na gane. Reshen da ya ja gefe, shi ne reshen da ke rufe ƙofar gidanmu na ƙauye. Wanda ya bari ya miƙe, shi ne inda yake ɗaure babbar amya. Ashe ba datsa kawai yake yi ba. Tsamiyar kakansa yake sake yi, 'yar ƙarama, daga abin da ya tuna.

Mutane na zuwa kallo. Wani ya ce, "Baba, an ce tsamiya gidan iskoki ta. Wagga wane aljani za ya shiga?" Ya ce, "Ɗan gudun hijira irina." In an tambaye shi yaushe zai dasa ta, amsarsa ɗaya ce: "Ran da munka koma."

Ni kuwa, in faɗi gaskiya, zuciyata ta daina komawa. A gidan nan muka aurar da autarmu. A maƙabartar garin nan muka binne jika guda. Na saba da matan unguwa, na san wadda zan aika wa neman gishiri. Wata shekara na samo reshen zogale na soka a bayan ɗaki, ya kama, ya yi ganye shar. Ya gani, ya tuge shi.

Na ce, "Mi zogale ya yi maka?"

Ya ce, "Itace na."

Na ce, "Zogale ba itace ba na, kwaɗo na."

Ya ce, "Gidan aro na." Ya wuce.

Na haɗiye. Amma abin da aka haɗiye bai narke ba yana nan.

Ba daminar da ta wuce ba, wadda ta gabace ta, wani mutumin ƙauyenmu ya biyo ta Gummi. Ya ce ya ratsa ta can. Ya ce ɗakunanmu sun zube, ciyawa ta rufe rijiya. Maigida ya ce, "Tsamiya fa?" Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce an sare ta an yi gawayi, sai kututture. Maigida ya yi salati, ya sallami baƙo. Washegari aka yi ruwan farko. Na fito na tarar da shi yana wasa aska, ya kwantar da kwatarniya zai yi abin da ya saba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ina za ka kai ta? Gaya mini, ina? Uwarta ta zama gawayi. Kowace shekara ka yanke mata ƙafa don kar ta tsaya, haka kaka yi muna. Shekara bakwai ka tsai da ni da ƙafa guda kamar zalɓe. Ko zogale ban isa in dasa ba. Dutsen uwata ma ka ɗauke ka ba haki. Ni nan za ni mutuwa, kai ma nan za ka mutuwa, in ba ka sani ba ka sani."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba. Ya dube ni, askar na hannunsa. Ya yi tari. Ya tayar da kwatarniyar ya fita.

Kwana uku ba mu yi magana ba sai sallama. Ranar Juma'a na ji ana gungurin abu. Na leƙo, sai ga shi ya turo dutsen niƙa har ƙofar ɗakina. Ya ce, "Ga dutsenki." Ya ja kwatarniyar ya kai ta kusurwar gabas jikin katanga, ya ajiye. Na ɗauka fushi ne, kamar ya ce kowa ya riƙe nasa. Ni ma na ɗaure fuska na shigar da dutsena ɗaki. Daga baya muka shirya kamar yadda tsofaffi ke shiryawa, da miƙa goro. Amma maganar tsamiya ba mu ƙara tayar da ita ba. Na lura ya daina juya ta ranar Juma'a, na ce a raina ƙarfi ne ya ƙare. Na lura ganyenta ya ƙara duhu, sababbin rassa na fitowa yana datsewa da ƙyar. Sau ɗaya na ce, "Hakinka ya yi kyau bana." Ya ce, "Ta samu abin da taka so." Girman kai ya hana ni tambayar mene ne. Wannan yana cikin abin da ke cina har yau.

Bayan sadakar arba'in, baƙi sun watse, babban ɗanmu da ke zaune a Anka ya shigo ɗakina ya zauna, ƙanensa na bakin ƙofa. Ya ce, "Inna, kin san maganar Baba. Gidan ga aro na. Wanda anka ba aron ya tahi, ya kamata mu mai da ma Malam abinshi da godiya. In kin hita takaba in zo in ɗauke ki. Na gyara miki ɗaki."

Yaron kirki ne, ba korata yake yi ba. Amma a Anka ban san kowa ba sai shi da matarsa. Kabarin ubansu na nan, kaskon tsuntsaye na nan, matan da za su wanke ni in na mutu suna nan. Sai dai ba ni da abin da zan tsaya a kai. Maigidana da kansa ya shekara tara yana cewa aro ne. Na ce, "To."

Ya ce, "Tsamiyar kuma bari in tahi da ita yau, tunda ga mota. In riƙa yi mata yadda yaka yi, har Allah Ya buɗe hanya in kai ta gida."

Suka fita su biyu. Ina kallonsu ta labule. Suka kama kwatarniya, suka ɗaga, ba ta motsa ba. Ƙanen ya ce, "Kai dai birni ya kashe ka, matsa." Ya rungume ta shi kaɗai, ya yi nishi, ko gezau. Suka durƙusa suka tona ƙasar gindinta da hannu. Sai na ji babban ya yi salati.

Saiwa ce. Ta bi ta hudar, ta faɗaɗa ta, ta shige ƙasa, kaurinta ya kai karan dawa. Ga wasu ƙanana sun tsaga gindin sun bi ta.

Mutumin da ya tuge zogale don kar a ce ya ci amana, ga itacensa ya kafa a ƙasar mutane. Babban ya ce a hankali, "Tsuhwa ta sa ya mance. Miƙo adda mu datse tun Malam bai ji ba, kar a ɓata mai suna bayan ranshi."

Ƙanen ya ɗauko adda. Na ce daga ɗaki, "Aje ta. Ba a ɓoye ma mai aro ɓarna. Ku kira shi ya gani da idonshi, sannan ku datse."

Malam ya zo da sandarsa, shi ma tsufa ya kama shi. Ya yi sallama ya tsaya a tsakar gida, ni ina bayan labule. Babban ya fara ba da haƙuri, yana cewa wallahi ba da gangan ba ne. Malam ya duƙa ya taɓa saiwar, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya juyo wajen ɗakina.

Ya ce, "Innar yara, ashe har ya tahi bai gaya miki ba?"

Na ce, "Mi, Malam?"

Ya ce, "Daminar waccan ya same ni bayan sallar asuba. Ya zauna ya kai rabin sa'a shina tari. Sannan ya ce, Malam, na zo roƙo, ina son in sauke tsamiyata ƙasa. Na ce mai, ni ma ɗan ƙauye na, na san abin da dasa itace ka nuhi. Ya ce shi ya sa ya zo da bakinshi. Na kira ɗana babba da ladan, na ce su shaida, sashen ga na ba shi, shi da iyalinshi, ba aro ba. Na ce je ka dasa, in ta yi inuwa mu raba lada."

Malam ya ci gaba, "Na ce mai to hwasa tukunyar mana. Ya ce a'a, a bari ta nemi ƙasa da kanta, an daɗe ana hana ta. Na ce ka gaya ma uwargida? Ya ce, ita ta da gaskiya, amma shekara hamsin ban taɓa ce mata ta yi gaskiya ba, in na fara yanzu sai ta zaci ciwon ajali na. Ya ce in ta gani za ta gane."

Ban gani ba. Damina biyu ina wucewa ta gabanta da tsintsiya, ban gani ba. Dutsen da ya turo mini ƙofa, na ɗauka fushi ne, ashe haƙuri yake ba ni da irin bakin da yake da shi. Ya jira in tambaya, ni na jira ya faɗa, har Mai rabawa Ya raba.

Babban ɗana ya zauna a ƙasa kamar yaro, ya rufe fuska. Da ya samu kansa ya ce, "Inna, to mi kika so a yi?"

Na ce, "Miƙo min taɓarya."

Na fito da mayafin takabata. Na durƙusa inda yake durƙusawa. Na buga kwatarniyar a hankali, gefe da gefe, don kar in ji wa saiwa ciwo. Ta tsage, ta buɗe gida uku. Yaran suka kawo ƙasa da taki muka tara a gindin, na zuba ruwa da butarsa. Motar Anka ta koma babu tsamiya, kuma ɗana bai ƙara yi mini maganar ɗakin da ya gyara ba.

Yanzu na fita takaba. Ruwan farko ya sauka, babu wanda ya wasa aska. Tsamiya ta kai ƙirjina, tana fitar da rassa yadda ta ga dama, sai dai reshen nan da ya ja gefe yana nan a lanƙwashe, na hana a taɓa. Jikarsa ta haifi namiji, an sa masa sunansa, ni na lasa masa zumar. Babban ɓallin kwatarniyar na ajiye shi a gindin itacen, shi ne kaskon tsuntsaye na biyu, ina jera karare a kai saboda ƙudan zuma. Maƙwabci ya dawo da leƙen katanga, yanzu ni yake wa ƙorafin ɓarayi. A bayan ɗaki kuma na soka reshen zogale, ya kama.

Ba zan ga inuwar tsamiyar nan ba, shi ma bai gani ba. Duk wanda ya zauna ƙarƙashinta wata rana, ya san daga ina ta taso, a tsumma, a hannun wani tsoho mai taurin kai da bai iya cewa yi haƙuri ba.

Na yafe masa zogale, na yafe masa dutse, Allah Ya sa shi ma ya yafe mini bakina na ranar nan. Ya Ubangiji, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da masu fiffike, Ka yalwata masa makwanci. Ya yi zaman aro ya riƙe amana. Ka saukar da shi a gidan da ba na aro ba.